Jagora Kan Rubuta Taswirar Tsinke Mai Fuska Biyu a Manhajar Nazarin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda Allah ya nufa da sana'ar sauraron ƙwaƙwalwa, watau ya soka siririn tsinken silikon cikin ƙwaƙwalwar ɓera ko wata dabba don ya naɗi bugun lantarkin da ƙwayoyin jijiya ke yi, ya sani cewa abin da na'ura take miƙo masa bayan an sha wahala an gama, ba kome ba ne face tarin lambobi, layi bisa layi, galibi sau 30,000 a kowace daƙiƙa, kuma babu lamba guda a cikinsu da ta zo da shaidar inda aka jiyo ta. Abin da yake mai da wannan tari ya zama ilmi shi ne ɗan fayil ɗin da ake kira taswirar tsinke, wanda yake faɗa wa kwamfuta cewa layi kaza na na'ura daga ɗigon ƙarfe kaza yake fitowa, ɗigon kuwa yana zaune a wuri kaza a jikin tsinken. Muddin ɗigogin duka a fuska ɗaya suke, rubuta taswirar ba ta da wuya. Amma da zarar tsinke ya zo da ɗigogi gaba da baya, sai a iske ƙa'idar da aka gina yawancin manhajoji a kanta ta gaza, kuma gazawar sau da yawa ba ta da ƙara, aiki ya yi ta tafiya, sakamako ya fito da kyan gani, alhali kuwa akwai ɓaraka a gindinsa.

Asalin mas'alar daga wajen ƙira ta taso. Tun sa'ad da Kensall Wise ya soma ƙera irin waɗannan tsinkaye a Jami'ar Stanford ta Amurka wajen 1970, kafin ya koma Jami'ar Michigan inda aikin ya bunƙasa, hanyar da ake bi ita ce ta masu ƙera kayan cikin kwamfuta: a shimfiɗa faifan silikon, a zana wayoyi da ɗigogi a samansa, sa'an nan a yanka. Abin da aka zana a sama a sama yake zama, bayan kuwa ya fita fayau babu kome. Hatta Neuropixels, wanda cibiyar imec ta birnin Leuven a Beljiyam ta ƙera aka kuma bayyana shi a 2017, mai ɗigo 960 jere a kan tsinken da tsawonsa milimita 10 ne faɗinsa maikuromita 70, ana naɗar 384 daga cikinsu a lokaci guda, duk a fuska ɗaya suke. Masu rubuta manhaja da suka iske abin haka sai suka riƙe shi tamkar ijma'in da ba ya bukatar a ambata, cewa kowane ɗigo lamba biyu sun ishe shi, ɗaya ta faɗi ɗaya ta tsawo, kuma duk ɗigogi biyu da lambobinsu suka kusanci juna, to, abu ɗaya suke ji.

Dalilin da ya sa masana suka nemi fuska ta biyu a fili yake. Bugun ƙwayar jijiya, in daga wajenta aka jiyo shi, abu ne mai rauni ƙwarai, daga maikurobolt 'yan gomiya zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma yana dushewa da sauri gwargwadon nisa, har ya zama ƙwayar da ta wuce kimanin maikuromita 50 da wuya a rarrabe ta da kyau, wadda ta haura 100 da ɗoriya kuwa ta kan nutse cikin hayaniya. Ban da wannan, jikin tsinken an lulluɓe shi da rufin da lantarki ba ya ratsawa, don haka ya zama shamaki: ƙwayar da take gabansa ya kan ƙara wa bugunta ƙarfi, saboda lantarkin da ya kamata ya watsu ko'ina ya rasa hanyar baya, ta yadda a lissafi, in da shamakin ba shi da iyaka, da ninki biyu cif za a samu, wadda take bayansa kuma sai ya danne nata. Alessio Buccino da abokan aikinsa sun bi diddigin wannan da lissafin kwamfuta a 2019. Ke nan tsinke mai fuska ɗaya yana yi wa nama rauni ta ɓangarori biyu, amma ta ɓangare ɗaya kaɗai yake sauraro sosai, wannan kuwa asara ce ga mai bincike, asara ce kuma ga dabbar da aka ɗora wa nauyin aikin. Sotiris Masmanidis da abokansa a Caltech sun nuna tsinkaye masu ɗigogi gaba da baya tun 2009, sai dai manhajojin tantance bugu, watau masu jingina kowane bugu ga ƙwayar da ta yi shi, sun ci gaba da tafiya a kan tsohuwar ƙa'idarsu.

Yanzu a ƙaddara ɗigo biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, saitin juna, babu abin da ya raba su sai kaurin silikon na maikuromita 20 ko 30. In an rubuta su da lamba biyu-biyu bisa al'ada, sai su faɗo gurbi ɗaya, nisan da ke tsakaninsu sifiri. Wata manhajar za ta tsaya ta ƙi karɓa, wannan kuwa rahama ce. Wata za ta karɓa ta yi shiru, ita ce abar tsoro, domin kusan kowane mataki na tantance bugu a kan maƙwabtaka ya dogara. Wajen gano bugu, manhaja ta kan duba ɗigogin da ke kewaye, ta riƙe mafi ƙarfi ta zubar da saura a kan cewa amo ne na abu ɗaya, saboda haka ƙwayar baya da ta yi bugu tare da ta gaba sai ta salwanta. Wajen gyara zamewar da ƙwaƙwalwa ke yi a jikin tsinke saboda motsin dabba da lafawar nama bayan suka, ta kan ƙiyasta abin da ke tsakanin ɗigogi daga maƙwabtansu, sai ta cuɗa muryar gaba da ta baya ta fitar da abin da babu ɗigon da ya taɓa jinsa. In kuma aka ce to a gaya mata gaskiya, a ba ta lamba ta uku ta kauri, duk da haka ba a tsira ba, gama za ta ɗauki maikuromita 30 na silikon daidai da maikuromita 30 na nama, alhali na farko shamaki ne, na biyu hanya ce.

Abin da nake ganin shi ne daidai, kuma a kansa wannan jagora ta ginu, shi ne mai aiki ya riƙe taswira biyu, kada ya yarda su gauraya. Ta farko taswirar haƙiƙa, wadda take siffanta tsinken yadda maƙerinsa ya ƙera shi, da faɗi da tsawo da kauri da fuskar kowane ɗigo. Ita ce asali, sau ɗaya ake rubuta ta, a tabbatar da ita, a adana. Ta biyu taswirar aiki, wadda ake cirowa daga ta farko don a lallashi manhajar tantancewa, ita kuwa dabara ce halastacciya matuƙar an san dabara ce, kuma ba a bar lambobinta sun sulale cikin sakamakon da za a nuna wa jama'a ba.

Farkon aiki shi ne a tsai da ma'auni ɗaya da fuskokin biyu za su yi tarayya a kansa, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya taɓa riƙe allon da aka yi wa rubutu ciki da bai ya san cewa in ya juya shi, gefen da yake hannun damansa ya koma hagu. Haka tsinke yake. Takardar da maƙera ke turowa tana iya nuna fuskar baya kamar yadda mai kallonta daga baya zai gan ta, tana kuma iya nuna ta kamar ana hango ta daga gaba ta cikin silikon, kuma wajibi ne a tabbatar da wanne aka yi, ko da ta kama a rubuta musu wasiƙa. A ɗauki misali da tsinke mai ɗigo 32 a kowace fuska, jeri biyu, tazarar maikuromita 20 tsakanin jerin, kowane ɗigo yana bisa ɗan'uwansa da maikuromita 30, jerin hagu ya fara daga tsini, na dama ya fara sama da shi da maikuromita 15. In an ɗauki tsakiyar tsinken a matsayin sifiri, jerin hagu na fuskar gaba yana kan -10, na dama yana kan +10. Fuskar baya kuwa, in zanenta iri ɗaya ne ga mai kallonta daga baya, jerin da ya fara daga tsini a kan +10 yake a ma'aunin tarayya, ba a kan -10 ba. Watau kowace lambar faɗi ta fuskar baya sai an sauya alamarta, lambar tsawo kuwa a bar ta yadda take. Wanda ya manta da wannan, kuskurensa maikuromita 20 ne kacal, ido ba zai kama shi a zane ba, amma ya isa ya sa a haɗa kowane ɗigon gaba da abokin da ba nasa ba.

Sa'an nan sai isnadin waya. Tsakanin ɗigo da lambar da ke cikin fayil akwai hannuwa da yawa: ɗigo zuwa ƙafar mahaɗin tsinke, mahaɗi zuwa 'yar na'urar ƙara ƙarfi da ake ɗaurawa a kan dabba, ita kuma zuwa jerin da na'urar naɗi take rubutawa, kuma kowane hannu da irin ƙidayarsa. A bi su ɗaya bayan ɗaya a takarda, kada a amshi ruwayar wani ɗakin gwaji sai an tabbata kayansu irin naka ne. In tsinken mahaɗi biyu gare shi, a yi musu alama da fenti tun kafin ranar fiɗa, domin in aka musanya su gaba ɗaya za a iya samun naɗi lafiyayye wanda gabansa baya ne. A kuma tuna MATLAB daga 1 yake fara ƙidaya, Python daga 0, shi ya sa tsofaffin fayilolin manhajar tantance bugu ta Kilosort suke ɗauke da jeri biyu, chanMap da chanMap0ind. Zamewar layi ɗaya a tsinke mai fuska biyu tana iya tsallakar da ɗigon ƙarshe na gaba zuwa baya.

Wajen rubutawa, abin da na fi natsuwa da shi shi ne probeinterface, wanda Samuel Garcia da Buccino da abokansu suka bayyana a mujallar Frontiers in Neuroinformatics a 2022, domin ya raba siffar tsinke da isnadin waya, kowanne da gurbinsa, yana kuma adana su a fayil na JSON da mutum zai iya buɗewa ya karanta da idonsa. A ƙirƙiri tsinken da ndim=3, a ba kowane ɗigo lamba uku, na gaba kaurinsu sifiri, na baya kaurinsu daidai da kaurin silikon. A wannan hali manhajar za ta nemi plane_axes, watau kibiyoyi biyu da suke nuna yadda kowane ɗigo ya kwanta, kuma a nan ya kamata a juya kibiyar faɗi ta ɗigogin baya don a san waje suke kallo ta ɗaya ɓangaren. A ƙara wa kowane ɗigo shaidar fuskarsa a rubuce, gaba ko baya, ta hanyar annotate_contacts, ko ta gurbi na musamman in fitowar da ke hannunka ta tanade shi, saboda kada wanda ya zo daga baya ya tsaya yana cankar fuska daga lambar kauri. Isnadin waya kuma da set_device_channel_indices ake shigar da shi, ɗigon da ba a haɗa shi da kome ba a ba shi -1.

Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya zana fuska a lamba biyu sa'an nan ya ɗaga ta zuwa uku da to_3d, in bai ce kome ba manhajar za ta ajiye faɗi a x, tsawo a z, ta bar y ga kauri. Manhajar SpikeInterface kuwa, in an tambaye ta wuraren layuka ba tare da bayani ba, x da y take bayarwa. In aka haɗa waɗannan al'adu biyu ba a lura ba, sai tsinke mai tsawon kusan rabin milimita ya dunƙule ya koma gurabe huɗu, saboda an jefar da tsawo an riƙe kauri. Maganin shi ne a ambaci harufan a sarari kowane lokaci, kuma ni na fi son faɗi a x, tsawo a y, kauri a z, a tsaya a kan haka har ƙarshe.

Taswira ba ta zama hujja don an rubuta ta da tsanaki, sai an gwada ta da abin da ba ya bin son rai. A zuba ruwan gishiri irin na ɗakin gwaji a ƙaramin kofi, a ɗaure tsinken a hannun da ke saukar da shi sannu, a riƙa nitsar da shi ana kallon fuskar kwamfuta: layin da yake cikin iska ya kan cika da hayaniya, da ya taɓa ruwa sai ya lafa, don haka lafawar ta kamata ta hau daga tsini zuwa sama bisa jerin da taswira ta faɗa, gaba da baya tare. Wannan ya tabbatar da tsawo, amma bai ce kome a kan fuska ba. Domin fuska, a kawo siririyar waya dab da fuskar gaba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba tare da ta taɓa tsinken ba, a saki ɗan ƙaramin lantarki mai kaɗawa, a ga ko layukan da aka rubuta gaba su ne suka fi ji, sa'an nan a zagaya da wayar baya a maimaita. Ƙwaƙwalwa ma tana ba da shaida. In tsinken ya ratsa sashen CA1 na hifokamfas, akwai kaɗawa mai sauri, wajen sau 150 zuwa 200 a daƙiƙa, da take bayyana yayin barci ko hutawa, wadda ƙarfinta yake kai matuƙa a shimfiɗar da jikkunan ƙwayoyi suka taru. Fuskokin biyu ya kamata su nuna wannan matuƙa a kusan zurfi ɗaya, in tsinken a tsaye ya shiga.

Bayan taswirar haƙiƙa ta tsaya da ƙafarta, sai a ciro ta aiki. Hanya mafi aminci ita ce a raba naɗin gida biyu, a ba ɗigogin gaba ƙungiya 0, na baya ƙungiya 1, a yi amfani da split_by na SpikeInterface, a tantance kowace fuska ita kaɗai kamar tsinke ne mai zaman kansa. Wanda yake son ya yi aikin a zama ɗaya yana iya matsar da fuskar baya gefe a taswirar aiki, ya ƙara maikuromita 500 a kan kowace lambar faɗinta, nisan da ya zarce kowace da'irar maƙwabtaka da manhajoji suka saba aunawa, kuma a Kilosort ya ba ta lamba dabam a kcoords, wanda shi ne gurbin rarrabe rassan tsinke. Sai dai wannan dabara tana da iyaka, gama ba kowane mataki ne yake auna maƙwabtaka da nisa ba. Wani da adadi yake aunawa. Kilosort4, wanda Marius Pachitariu da abokansa suka wallafa a 2024, wajen wanke hayaniyar tarayya layuka 32 mafi kusa yake ɗauka in ba a sauya masa ba, saboda haka tsinken da ɗigo 16 ne a kowace fuska, ko nawa aka matsar da bayansa, lissafin zai iya ƙetarawa ya kamo shi. Shi ya sa na fifita rabawa. Tana da wata fa'ida kuma: tun da silikon ɗaya ne yake ɗauke da fuskokin biyu, zamewar da aka ƙiyasta a gaba da wadda aka ƙiyasta a baya ya kamata su yi kama, in suka saɓa da yawa to ɗayan ƙiyasin yana da illa.

Rabawa tana haifar da tata mas'alar, domin shamakin ba cikakke ba ne. Tsinke siriri ne, lantarki yana zagayawa ta gefensa, don haka babbar ƙwaya da take zaune daura da kaifin tsinken za a ji ta a fuskokin biyu, a ƙidaya ta sau biyu, har mai bincike ya yi zaton ya gano ƙwayoyi biyu masu bugu tare, ya gina bayani a kan abin da babu shi. A gwama lokutan bugun kowace ƙwayar gaba da na kowace ƙwayar baya da take zurfi ɗaya da ita. In mafi yawan bugun ƙaramar sun faɗo cikin kashi huɗu cikin goma na milisakan daga na babbar, wanda shi ne tazarar da SpikeInterface take amfani da ita wajen gwama sakamako biyu, to ƙwaya ɗaya ce. A riƙe ɓangaren da ya fi ƙarfi don ƙidaya, amma kada a share ɗayan, a rubuta su a matsayin tagwaye, domin bambancin ƙarfin da ke tsakaninsu yana nuna ta wane gefe ƙwayar take, abin da fuska ɗaya ba za ta iya faɗa ba.

Wajen ƙiyasta mazaunin kowace ƙwaya a koma ga taswirar haƙiƙa. Kada a ɗauki matsakaicin wuri daga ɗigogin fuskokin biyu a haɗe, gama lissafin zai ajiye ƙwayar a cikin silikon, inda babu rai. A yi kowace fuska dabam. Hanyar da Julien Boussard da abokansa suka kawo a 2021, wadda take ƙiyasta har nisan ƙwaya daga fuskar tsinke, nisa kawai take bayarwa ba tare da ɓangare ba, saboda haka ƙwayoyin baya sai an mai da nisansu ta ɗaya ɓangaren an ƙara kaurin silikon, an kuma cire maikuromita 500 ɗin nan in an yi amfani da su. Wannan duka ba zai yi amfani ba in ranar fiɗa ba a rubuta inda fuskar gaba ta kalla ba, wajen hanci, ko ƙeya, ko kunnen dama. Rinin DiI da ake shafa wa tsinke yana nuna hanyar da ya bi a nama bayan an yanka an duba, amma da wuya ya nuna wace fuska ce ta kalli ina.

In an zo ajiye aikin a tsarin fayil na NWB don waɗansu su amfana, jadawalin ɗigogi yana da gurabe uku, rel_x da rel_y da rel_z, kuma lambobin taswirar haƙiƙa ne kaɗai suke da haƙƙin shiga cikinsu. A ƙara shafi na fuska, a ƙara na tagwayen ƙwayoyi a jadawalin ƙwayoyin da aka tantance, a haɗa fayil ɗin JSON na asali, sa'an nan a rubuta a bayanin tsinken, da kalmomin da kowa zai gane, daga wane ɓangare aka kalli tsinken sa'ad da aka ce hagu da dama, nawa ne kaurin da aka yi lissafi da shi, ina fuskar gaba ta kalla a kan dabba, da kuma ko an raba fuskokin ne wajen tantancewa ko matsar da ɗaya aka yi, da maikuromita nawa.